Sunan da ke Kan Tanki

A wani shiri da na gabatar kan 'yan kabu-kabu, wani mai sauraro ya bugo waya yana ta faɗa, wai baburan da suka cika garuruwanmu duk jabu ne, an ƙera su a Sin an manna musu sunan da aka ga dama, abin da Bature ba zai taɓa yi ba. Har ya kawo misalin Indian da Harley-Davidson na Amurka, ya ce su ne babura masu asali. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ban samu na ba shi amsa ba. To malam, ga amsarka, kuma ba kai kaɗai nake nufi ba, don na sha jin wannan magana a bakin mutanen da ke ganin sun waye.

Mu fara da Indian ɗin da ka yaba. An kafa kamfanin a 1901 a garin Springfield na Amurka, ya daina ƙera babura a 1953. Masana'anta ta mutu, suna bai mutu ba. Waɗanda sunan ya koma hannunsu sai suka shiga yo odar baburan Royal Enfield daga garin Redditch na Ingila, a sa musu tambarin Indian a tanki, a raɗa musu sunaye irin su Tomahawk da Trailblazer, har da Chief, sunan babur mafi daraja da tsohon kamfanin ya taɓa yi. Daga 1955 zuwa 1960 haka aka yi ta sayar wa Amurkawa babur ɗan Ingila da rigar Amurka. Bayan nan abin ma ya ƙara lalacewa, aka riƙa manna sunan a kan ƙananan baburan Italiya, daga baya na Taiwan. Idan wannan ba shi ne abin da kake zargin 'yan kasuwarmu da shi ba, to mene ne?

Harley ma ba ta tsira ba. A 1960 ta sayi rabin sashen babura na kamfanin Aermacchi na Italiya, ta riƙa kawo ƙananan baburansa tana sayarwa da sunanta, sanannensu shi ne Sprint, har zuwa 1978 da ta sayar da masana'antar ga Cagiva.

Akwai wanda ya fi wannan ban dariya. Masu tara tsofaffin babura suna zuba maƙudan kuɗi a kan wani babur mai suna Harley-Davidson XA, saboda wajen 1,000 kawai aka ƙera a 1942, na gwaji, don sojojin Amurka su yi amfani da shi a hamadar Arewacin Afirka. Daga ina zanensa ya fito? Daga BMW R71 na Jamusawa, abokan gabarsu a wannan yaƙin. An kwaikwayi injinsa mai silinda biyu a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu yadda iska za ta riƙa sanyaya su, an kwaikwayi sandar ƙarfen da ke juya ƙafar baya a maimakon sarƙa, domin rairayi yana cinye sarƙa. Indian ita ma ta yi nata na gwaji, 841, a kusan wannan adadi. Sojoji suka duba, suka zaɓi motar Jeep, aka jingine baburan. Wannan R71 ɗin dai Tarayyar Sobiyat ta kwafa ta kira M-72, Sin kuma ta karɓa daga gare ta ta kira Chang Jiang 750. Uwa ɗaya ta haife su, amma na Amurka ake kira kayan tarihi, na Sin kuma jabu. Wannan hukunci ba daga inji ya fito ba, daga raini ya fito.

Yanzu mu dawo gida. Da yawa daga baburan da ke yawo tsakanin Maraɗi da Damagaram da ƙauyukansu injinsu jikan Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975, aka tsara shi da gangan don ƙasashen da mai babur ba ya canza baƙin mai a kan lokaci. Shi ya sa bakaniken bakin tasha yake warware shi ya mayar ba tare da littafi ba. Wannan babur da ake yi wa dariya shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ke ɗauko buhun gero daga gona, shi ke ciyar da gidan matashin da ya gama makaranta bai samu aiki ba. XA kuwa, duk tsadarsa a yau, ko filin dagar da aka ƙera shi dominsa bai yi wa aiki ba.

Kada a ɗauka ina wanke masu shigo da kaya ne. Ina da ƙorafi a kansu, sai dai ba irin naka ba. Ba'amurken da ya sayi Indian a 1957 yana iya sanin cewa Royal Enfield ne a ƙarƙashin fenti, ya san masana'antar, ya san inda kayan gyara za su fito. Mu kuwa ƙanena ya ci bashi ya sayi babur mai wani suna da ba mu taɓa ji ba, bayan shekara guda wani ƙarfe ya karye a cikin giya, muka zagaye kasuwa, kowa ya ce wannan sunan an daina kawo shi. Wanda ya sayar masa ma bai san garin da aka ƙera shi ba. Babur ya yi wata uku a jingine a zaure, bashi yana nan yana jira, sai da wani tsohon bakanike ya buɗe injin ya gane na wane ne, ya ɗauko ƙarfen daga wani babur mai suna daban, ya zauna daram.

Abin da nake so hukumomin kwastan da na kasuwanci su tilasta ke nan: kowane babur da zai shigo, a rubuta sunan masana'antar da ta ƙera shi da samfurin injinsa a takardar saye, kuma duk wanda ya raɗa wa babur suna ya ajiye kayan gyaransa na wasu shekaru. Bayan haka ya rubuta sunan kakarsa a tanki in ya so.