Kwana Biyu A Gindin Dutsen Maloney

Makon jiya aiki ya kai ni Keffi, na sauka a wani tsohon gidan baƙi kusa da Angwan Iya. Ginin irin na dā ne, bango mai kauri, rufi mai tsawo, ga baranda inda baƙo zai sha iska da maraice. Ko da tsakar rana ɗakin da sanyi. Amma rufin yana yoyo, famfo kuwa ya bushe, sai da yaro ya kawo mini ruwa a bokiti.

Da gari ya waye na hau Dutsen Maloney, inda mutum ke hango garin shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Na tarar da waɗansu samari suna ɗaukar hoto. Na tambaye su ko wane ne Maloney ɗin, babu wanda ya iya ba ni amsa.

To, ga labarin a taƙaice. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, watau Razdan na Turawa a wannan yanki. Sa'an nan ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa ya tura soja suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Shi Magaji a Burmi ya rasu cikin wannan shekara, a yaƙin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ashe wutar da ta ci Kano, a Keffi aka ƙyasta ashanarta.

A garin Buea na ƙasar Kamaru, a jikin babban dutsen nan da ke kusa da bakin teku, har yau gidan Gwamnan Jamus yana tsaye, baƙi suna zuwa su hau dutse, su ji tarihi. Mu ba mu da teku, amma Jihar Nasarawa tana da duwatsun Eggon, tana da Farin Ruwa a ƙasar Wamba, ga Abuja tafiyar kamar awa guda daga Keffi. Me ya rage mana in ban da kula?

Saboda haka ina roƙon Gwamnatin Jiha da Masarautar Keffi su gyara hanyar hawan dutsen, su kafa allo mai bayani da Hausa da Turanci, su koya wa samari aikin yi wa baƙi jagora. Masu tsofaffin gidajen baƙi kuma su gyara rufi da famfo, kada su rushe ginin. Baƙon da ya kwana lafiya shi ke ƙara kwana, mai abinci da mai mota duk su samu.

Abin da ka raina, wani shi yake nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.