Fa'idodi da Illolin Mayar da Ɗa'ar Kwamfuta Doka

Tun kafin hukuma ta sa baki, kowa ya san abin da wasu manhajojin ba da rance ke yi zalunci ne. Mutum ya ci bashin 'yan dubbai ta waya, ya yi jinkirin biya, sai a kwashe lambobin da ke wayarsa a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo cewa ɓarawo ne. Allah wadai da jama'a suka yi ta yi bai hana komai ba. Sai da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 sannan suka fara shiga taitayinsu.

Babbar fa'idar doka ke nan: tana kama wanda kunya ba ta kama shi. A 2023 Najeriya ta samu Dokar Kare Bayanai, a 2024 kuma FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Akwai kuma wata fa'idar da ba a cika ambato ba. Matashin da ke rubuta manhaja, idan maigidansa ya umarce shi da aikin banza, yanzu yana da madogara, yana iya cewa doka ta hana.

To amma doka tana da nawa. Kafin majalisa ta gama muhawara, fasahar ta sauya kama. Ga kuma sakacin da doka take jawowa: da zarar an ce "ba mu karya doka ba", sai a ɗauka magana ta ƙare. Dubi akwatin nan da manhajoji ke nunawa na "Na amince". A idon doka izini ne. Amma ɗan kasuwar da ya danna shi bai karanta dogon bayanin Turancin ba, waɗanda suka rubuta shi kuwa sun san ba zai karanta ba. Wannan cin amana ne ko da kotu ta wanke su.

Illar da ta fi damuna ita ce yadda doka kan zama sanda a hannun mai ƙarfi. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya ci masa mutunci. A takarda kamar kare mutunci ne, a aikace kuwa 'yan jarida da masu sukar gwamnati aka yi ta tsarewa da shi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. An yi masa gyara a 2024, sai dai har bayan gyaran an ci gaba da kama 'yan jarida da sunan wannan doka.