Kafin Ka Fita Motsa Jiki, Dubi Abin da Ke Ƙafarka

 

Duk wanda ya saba fita bayan sallar Asuba a Kano, musamman kewayen filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, zai shaida cewa motsa jiki ya fara samun gindin zama a tsakaninmu. Dattawa na tattaki, matasa na sassarfa. Wannan abin farin ciki ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Sai dai idan ka dubi ƙafafun jama'a, za ka ga silifas, da sau-ciki na zuwa ofis, har da takalmin ƙwallo ana ƙwanƙwasa kwalta da shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne labarin wani aminina, malamin makaranta, wanda likita ya umarta da tattaki saboda hawan jini. Ya sayo kambas na gwanjo mai ɗauke da sunan babban kamfani, gwanin ban sha'awa. Kafin mako uku dunduniya da gwiwa sun dame shi, ya jingine tattakin baki ɗaya. Da na juya takalmin, sai na ga ƙasansa ya cinye ta gefe guda, soson da ke tsakiya kuma ya mutu. Mai shi na farko ya riga ya gama cin moriyarsa.

Ƙafar ɗan Adam tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. A yayin gudu, kowane taku yana ɗora mata ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mai kilo 70 ke nan yana sauke kilo 140 zuwa 210 a kan ƙafa ɗaya, sau dubbai kafin ya koma gida. Idan takalmi ya karkace, haka zai riƙa karkatar da idon sawu da gwiwa a kowane taku.

Na san wani zai ce kakanninmu sun yi fataucin goro a ƙasa daga Kano zuwa Gwanja ba su san kambas ba, kuma Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne. Amma waɗannan ƙafafu ne da suka horu tun ƙuruciya, ba irin namu da suka saba da mota da babur ba. Shi kansa Bikila da takalmi ya sake lashe gasar a Tokiyo a 1964.

To, yaya za a zaɓa? Da farko, kowane wasa da takalminsa. Na ƙwallon ƙafa don ciyawa aka yi shi. Na gudu yana da laushi a ƙasa, an ƙera shi don tafiya gaba. Mai wasan ƙwallon kwando ko tanis kuwa yana buƙatar wanda zai riƙe ƙafa idan ya zabura gefe.

Na biyu, awo. Ka je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kana sanye da safar da za ka riƙa amfani da ita. Ka gwada ƙafa biyun, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. A sami tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin, kuma kada dunduniya ta riƙa zamewa. Idan ɗan kasuwa ya ce maka zai saki daga baya, ka ajiye masa kayansa.

Na uku, shekarun takalmin. Masana sukan ce a sauya na gudu bayan kilomita 500 zuwa 800. Mai yin kilomita 5 sau huɗu a mako zai kai wannan adadi cikin wata shida zuwa tara. Ba na hana sayen gwanjo a Ƙofar Wambai ko wata kasuwa, na san halin da aljihu ke ciki. Amma ka ɗora takalmin a kan tebur: idan ya jirkice, ka bar shi. Ka lanƙwasa shi: daidai gindin yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba a tsakiya ba.

Masu ciwon suga su ne suka fi buƙatar kula. Cutar takan dushe jin ƙafa, mutum ya yi bororo bai sani ba, har ya zama gyambo. Su riƙa zura hannu cikin takalmi kafin sawa, kada su sa shi ba safa, kuma su duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum.

Aminin nawa ya koma tattaki da wani kambas maras suna, wanda kuɗinsa bai kai na farkon ba, amma ya zauna masa daidai. Wata na huɗu ke nan bai fasa fita ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.