Wa Ya Haƙa Ramin, Wa Zai Cike Shi?



Duk lokacin da aka tayar da zancen galamsey, mutum ɗaya ake nuna wa yatsa, wato yaron da ya shiga rami da shebur da kwano. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Katafilar da ke yaga gaɓar kogunan Pra da Offin da Ankobra ba ɗan zango ne ya saye ta ba, ba kuma a aljihu aka fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema ba.

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya mayar da duk ma'adinin ƙasar nan amana a hannun shugaban ƙasa domin jama'a. Amana kuwa da sharuɗɗanta take tafe. Kafin a sari ƙasa, sai an shawarci mai gonar koko an biya shi diyya. Ana cikin aiki, sai an tsare ruwan sha da ran lebura. In an gama, sai an cike rami an bar ƙasa yadda za ta nomu. Masu aikin sun riƙe haƙa, sun watsar da sharuɗɗan.

Tun 1989 doka ta halatta wa ɗan ƙasa ƙaramar haƙa da lasisi. A 2017 aka dakatar da ita, aka tura sojoji, a ƙarshen 2018 aka janye hanin, ga koguna nan jawur har yau. Soja yana ƙona inji, amma ba ya fitar da zaiba daga cikin kifi. Babbar haƙa ma ba ta tsira ba: a Janairun 2022 motar nakiyar haƙa ta fashe a Appiatse kusa da Bogoso, aƙalla mutum 13 suka rasu, gari ya rushe.

Buƙatarmu a fili take. A kafa allo a bakin kowane rami da sunan mai lasisi, a karɓi kuɗin cike ramin tun kafin inji ya sauka, in an zo kame a fara da mai katafila.

Mu ma, iyaye, da namu nauyin. Duk wanda ya zo zango neman 'ya'yanmu, ya nuna takardarsa a gaban sarki, a san wanda zai amsa in rami ya rufta. Kuɗin zinariya yana ƙarewa, maraya kuwa a gidanmu yake zama.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amana.