Linzamin Inji da Gurɓatar Wutar Lantarki

Masu sauraro waɗanda ke aiki a masana'antu sun san injin nan mai juyawa da wutar lantarki, wanda Nikola Tesla ya karɓi takardar mallakar ƙirarsa a Amurka cikin 1888. Shi ke jan famfon ruwa, shi ke juya fanka da injin niƙa. Aibinsa a dā shi ne rashin sassauci, gama wutar ce ke yanka masa gudu. Ita kuwa kai da komowa ta ke yi, sau 50 cikin daƙiƙa a Ingila da Gana, sau 60 a Amurka da Saudiyya.

To, yanzu an yi masa linzami, watau wani akwati mai rage gudun ko ƙara shi. Amfaninsa ba kaɗan ba ne. In an rage kashi ɗaya cikin biyar na gudun famfo, wutar da ya ke ci tana iya raguwa kusan rabi.

Amma fa akwatin nan ba ya shan wuta sannu a hankali, fizgarta ya ke yi. Fizgar nan ita ke haifar da waɗansu ƙananan kaɗawa cikin waya, mafi ɓarna su ne masu ninki 5 da ninki 7, watau 250 da 350 inda asalin ya ke 50. Mai ninki 5 ɗin har ja da baya ta ke yi wa kowane injin da ta shiga. Sai taransifoma ta ɗau zafi, injin maƙwabci ya gaji tun kwanansa bai kai ba, shi kuwa bai san hawa ba, bai san sauka ba. Abin ya fi tsanani inda taransifoma ta ke ƙarama, ko inda a ke dogara da janareta.

Lalle wanda ya gurɓata rijiyar unguwa shi ya kamata ya yashe ta. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 519 tun 1981, ta sabunta ta a 2022, inda ta raba nauyin tsakanin mai masana'anta da kamfanin wuta. Rabon ya yi daidai, sai dai takarda ba ta sanyaya taransifoma. Maganin kuwa sananne ne: naɗin waya a kan ƙarfe wanda a ke sa wa akwatin a gaba don ya tausasa fizgar, in abin ya yi yawa a ƙara da mataci. Bai kamata a sayar da linzami babu naɗin nan ba, kuma kada kamfanin wuta ya haɗa babban inji da layi sai ya kawo ma'auni ya gwada.