Wanda Ya Sayi Kwastomomin Wani, Me Ya Saya?



A Ingila akwai wani ciniki da in ka ba dattijo labarinsa a kasuwar Achida zai ce wasa kake yi. Mai sana'ar goge gilashin taga, wanda ke bin gidaje yana wanke musu tagogi duk bayan mako huɗu ko shida ko takwas, idan ya tsufa ko zai bar gari, sai ya sa kwastomominsa a kasuwa. Abin da yake sayarwa littafi ne mai ɗauke da sunaye: gida kaza a layi kaza, ana zuwa ranar kaza, yana biyan kaza. Ana duba abin da zagayen ke kawowa a wata, a ninka shi sau wani adadi, a ce ga farashi. Mai saye ya biya, ya karɓi littafi, ya fita aiki.

To ai mu ma muna yi, suna ne kawai ba mu sa wa abin ba. Ɗan garuwar da ya zo cin rani, idan damina ta faɗi zai koma gona, yakan miƙa kurarsa da jarkokinsa ga wani, ya haɗa masa da gidajen da yake kai wa ruwa. Mai wanki da guga da zai tashi yakan ce, "Ka ba ni kaza in bar maka shagon da mutanena." Yanzu kuma ga wata sana'a na tasowa da ta fi kowace kama da ta Turawan nan. Gilashi ba shi da yawa a gidajen Wurno da Rabah da Goronyo, amma akwai shi a masallatan Juma'a, da kemis, da shagunan waya, da gidajen mai, da sababbin gidajen da ake sa wa tagogin alminiyom. Sannan akwai farantan sola, waɗanda su ma gilashi ne: a kan rijiyoyin burtsatse, da wuraren cajin waya, da asibitocin da ke ajiye allurar rigakafi a firji, har da fadamun gulbin Rima inda wasu manoman rani suka koma ban ruwa da hasken rana tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kowa ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa faranti. Ta kwanta a kansa, wuta ta ragu, famfo ya koma tsiyaya. Yaron da ya tara wurare talatin yana share su a kan kari ya kafa sana'a, kuma wata rana zai so ya sayar.

Ra'ayina shi ne a saya. Amma kada a biya duka a rana ɗaya, kuma kada a biya kafin a ga wanda ya tsaya.

Na san akwai masu cewa wannan ciniki ba shi da ma kan gado. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, mutum ba akuya ba ne balle a sayar da shi. Ta biyu, me zai sa ka ba wani kuɗi kan abin da za ka iya samu da ƙafarka, ka bi ƙofa-ƙofa kana sallama?

Hujja ta biyu ta fi rauni, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dalili. Baturen da ke goge taga a waje yake tsayawa, da doguwar sanda mai feso ruwa, ba ya ko ganin matar gida. A nan, kafin ka kai ga taga sai ka wuce zaure, kuma a bakin zauren an rubuta "ba shiga". Kafin ka kai ga farantin sola sai ka hau rufi, wanda ya hau rufi kuwa yana kallon tsakar gidan maƙwabta huɗu, shi ya sa tun kaka da kakanni ake aikawa a sanar cewa za a hau sama, mata su kimtsa. Maigida ba zai bar baƙon fuska ya yi haka don kawai ya zo da bokiti da tsumma ba. Zai bar wanda ya shekara uku yana zuwa ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba. Idan wannan mutumin ya kama hannunka ya kai ka zaure ya ce, "Alhaji, ga ƙanena, shi zai riƙa zuwa, na tsaya masa," ya ba ka abin da ƙafarka ba za ta samo maka cikin shekara ba. Wannan gabatarwar tana da daraja, kuma ba laifi ba ne a biya ta.

Hujja ta farko kuwa gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na ce kada a biya duka. Dubi wanzanci. Wanzami yana da gidajensa, shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, ana ba shi rabonsa na naman suna, da kaka a kai masa dami. In ya rasu ɗansa ya gaji gidajen. Amma ko a wannan tsohon tsari, da yake da ƙarfin al'ada a bayansa, ɗan da hannunsa ke rawa yakan wayi gari ya ga ana kiran wanzamin wata unguwa. Idan gado bai ɗaure kwastoma ba, takardar ciniki ba za ta ɗaure shi ba. Alƙalan Ingila ma a nan suka tsaya. Tun 1810 Lord Eldon ya bayyana cewa wannan kadara ba komai ba ce illa yiwuwar tsofaffin abokan ciniki su ci gaba da zuwa tsohon wurin. Yiwuwa fa ya ce. Wanda ya biya kuɗin tabbas a kan yiwuwa, shi ya cuci kansa.

Mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce wurare 30 ne, kowane na biyan naira 2,000 a wata, wato 60,000. Mai sayarwa ya ce 300,000, kuɗin wata biyar. Tsani da bokitai da burushi ba su wuce 40,000 ba, saura 260,000 duk kuɗin baki ne. Ka karɓa, wata na farko wurare goma suka zame: wannan ɗansa ya ce zai riƙa yi, wancan dama don kunyar tsohon mai aikin yake biya, na uku ya ce sai bayan salla. Ka koma 40,000 a wata. Yanzu sai ka yi wata bakwai da rabi ba ka ci ko sisi ba kafin uwar kuɗinka ta dawo, kuma ba a cire kuɗin ruwa da na mashin ba. Ga kuma abin da masu sayarwa ba sa son a tambaya: a wane wata aka yi lissafin? Littafin Janairu, lokacin da ƙura ke rufe faranti cikin kwana uku, daban yake da na Agusta, lokacin da ruwan sama ke wanke shi kyauta. Haka garuwa: cinikin bazara ba shi ne na damina ba. Wanda ya nuna maka wata uku mafi kyau ya ninka a kansu bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba.

Ka kula da zagayen da rabin kuɗinsa ke fitowa daga ofis guda ko makaranta guda. Wannan alkawarin mutum ɗaya ne, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da gabashin Sakkwato, wanda babu littafin kasuwanci na Turai da ya tanade shi. Zagaye yana da daraja ne muddin mutanen na zaune inda suke. A watan Yulin 2018 aka kai hari Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, jama'a suka kwarara Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, aka rasa fiye da mutum 40. Allah Ya jiƙan su, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Duk lokacin da irin haka ta faru, masu hali, waɗanda su ne ke da gilashi da sola, su ne farkon kwashe iyali zuwa birnin Sakkwato. Don haka zagayen da ke cikin garin Wurno, wanda za ka gama da ƙafa ko keke, bai kamata ya yi kuɗi ɗaya da wanda sai ka bi hanyar daji zuwa ƙauyuka biyar ba. Kuma tambayar "me ya sa kake sayarwa?" ba rashin kunya ba ce. Wani Abuja zai tafi, wani kuwa ya hango abin da ba ka hango ba.

Ta fuskar addini, a watan Disambar 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙoƙi ne masu darajar kuɗi a al'adar zamani, ana iya sayar da su matuƙar babu garari, babu ɓoye aibi, babu algus. Wannan ƙudurin ne dai ya tabbatar da haƙƙin mallakar marubuci a kan littafinsa, don haka mu da ke kukan ana kwafe mana labari a WhatsApp bai dace mu raina wa mai goge faranti haƙƙinsa ba, jirgi ɗaya ya kwaso mu. Sharaɗin rashin garari kuwa shi ne ainihin abin da nake faɗa. Biyan dunƙule a kan mutanen da ba a san ko za su tsaya ba ya yi kusa da sayen kifi a ruwa. Biya kashi-kashi, bisa adadin waɗanda suka tsaya, yana rage wannan duhun.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. Kayan aiki a yi musu kuɗi daban, a biya nan take, don su ana ganin su. Mai sayarwa ya zagaya da kai sau biyu cikakku, gida-gida, kana aiki yana tsaye, kuma kai kake karɓar kuɗi don ka ga wanda ke biya da wanda ke cewa a dawo gobe. Kuɗin baki a raba shi uku: kashi ɗaya bayan zagaye na biyu, ɗaya bayan wata uku, na ƙarshe bayan an shiga damina, kowane a lissafa shi kan wuraren da suka rage a ranar. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi wannan ba, don shi ma yana ba shi dalilin ɗaga waya ya roƙi Alhajin da ke shirin zamewa.

Sai batun da ya fi kawo faɗa. Mutum ya sayar, ya tafi Legas, abin bai karɓe shi ba, bayan wata shida ya dawo da sabon bokiti ya fara gaida tsofaffin gidajensa. A ƙarshen ƙarni na 19, a shari'ar Trego da Hunt, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta ce wanda ya sayar yana iya sake buɗe irin sana'ar, amma ba shi da damar bin tsofaffin kwastomomin yana zawarcinsu. A garin da kowa ya san kowa, ko zawarcin ba sai ya yi ba, ganinsa a masallaci ya isa. Shi ya sa dole a faɗa a fili tun farko: unguwanni kaza, tsawon shekara kaza, ba zai taɓa ba, in kuma ya taɓa zai mayar da kaza.

Duk wannan a rubuta, tun da akwai sauran biya a gaba, bashi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta ɗora wa wanda ya iya rubutu nauyi a ciki. Yawancin masu irin wannan ciniki ba za su je wurin lauya ba, wurinku za su zo, ku da unguwa ta sani da biro. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, boko ko ajami: sunayen wuraren da kuɗin kowane, ranakun biya uku, iyakar unguwannin, wanda zai karɓi tsohon bashin da ake bin kwastomomi, da sa hannun shaidu biyu a gaban mai unguwa. A yi kwafi biyu, kowa ya ɗauki hoton nasa a waya.