Sukar haƙarƙari ta lafa, numfashi ya yi nauyi

Makon jiya wani magidanci ya shigo kantinmu a Jimeta yana neman diclofenac da cipro. Ya ce makonni uku ke nan yana jin kamar ana soka masa allura a haƙarƙari in ya ja numfashi ko ya yi tari, amma yanzu alhamdu lillahi ta lafa. Sai dai daga bakin ƙofa zuwa kanta yana haki. Na ce, "Alhaji, yi haƙuri, wannan ba na kanti ba ne."

Huhu yana lulluɓe da tantani mai ninki biyu, da ɗan ruwa a tsakani da bai fi cokali biyu ba. In tantanin ya kumbura sai ninkin biyu su riƙa gogar juna, ita ce sukar nan. In ruwa ya taru ya raba su, sukar ta ragu, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ruwan, wanda kan wuce lita guda, yana danne huhun.

A ƙasarmu, in matashi ne ko magidanci mai zazzaɓin yamma, gumin dare da rama, tarin fuka ake fara zargi. Nimoniyar da ba a gama maganinta ba ita ma tana kawo shi, har ruwan ya zama mugunya. Ga dattawa kuwa, musamman masu hawan jini da kumburin ƙafa, sau da yawa zuciya ce ta gaza, ko ƙoda, ko hanta, wani lokaci kuma cutar daji. Sanyin hunturu da muke ɗora wa laifi ba ya cikin lissafin.

Kowanne maganinsa daban, shi ya sa sai an ɗauki hoton ƙirji, an zuƙo ruwan da allura an gwada. Majina kaɗai tana iya fitowa lafiya ga mai tarin fukar tantani. Cipro kuma tana ɗan danne ƙwayar cutar, ta ruɗa gwajin, ba ta kashe ta ba. Wannan ya fi damuna, don mu masu kanti ke miƙa ta.

Asibitin Ƙwararru na Yola da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama duk suna duba wannan. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6 ake sha ba tsallake. Alhaji dai na rubuta masa takarda, ɗansa ya tare musu keke.